Hutun Miji da Mata a Ƙauye, Tsakanin Duwatsu: Tambayoyin da Mutanen Zariya Suka Fi Yi

Tambayoyin nan su ne ake ta maimaitawa a majalisar maza bayan isha'i, da wajen mata a gidan biki, da tsakanin ma'aikata idan hutun ƙarshen shekara ya matso. Ana son a ɗan fita daga hayaniyar gari, miji da mata su kaɗai, a kama ɗan gida a wani kwari mai duwatsu a huta. An fara da masu sauƙi, sannan masu buƙatar dogon bayani, kuma inda wata amsa ta shafi wata an nuna.

Wai wane irin hutu ne wannan, me ya raba shi da sauka a otal?

Ɗan ƙaramin gida ne a bayan gari, ciki da falo ko ma ɗaki ɗaya, da banɗaki da wajen girki, ana kama shi na 'yan kwanaki. Ba maƙwabcin ɗaki, ba kiɗan biki daga zauren taro. Galibi akwai mai gadi ko mai kula da gidan a kusa, amma ba ya shigo muku sai kun kira shi. Abin da kuke biya wa kuɗi shi ne shiru da sarari, ku buɗe taga ku ga dutse da gona maimakon katangar wani.

Wajen hidima kam otal ya fi shi nesa ba kusa ba. Wanda yake son a kawo masa shayi har gado, a canza masa zanen gado kullum, ya nemi otal a Kaduna ko Kano, zai fi jin daɗi.

Wannan ba ɗabi'ar Turawa ba ce? Mu da muke da gidanmu, me za mu je nema a daji?

Dattawa ne suka fi yin wannan tambayar, amsarta kuwa tana cikin gidan kowa. Ka duba safiyar gida ɗaya a Tudun Wada ko cikin Birni. Kafin a shafa addu'ar asuba yaro ya fara kukan koko. Bakwai ba ta yi ba an yi sallama a zaure, ɗan'uwa ne daga ƙauye ya kawo mara lafiya asibitin Shika, kuma a nan za su sauka. Almajiri na bara a ƙofa, maƙwabciya ta aiko aron turmi, mai ruwa na jiran kuɗinsa. Maigida ya fita, ba zai dawo ba sai bayan isha'i, shi ma sai ya tsaya majalisa tukuna. Da ya shigo ita ta gaji, shi ya gaji, maganar da za ta haɗa su ba ta wuce kuɗin makaranta da cefanen gobe. A haka ake shekara goma a gida ɗaya ba a taɓa zama awa biyu cur ana hira ba.

Buɗaɗɗen gida abin alfahari ne, ba wanda ya ce a rufe shi. Sai dai yana cinye lokacin mata da miji ba da niyyar kowa ba. Fita da iyali kuma ba baƙon abu ba ne a addini (duba amsar mai mata fiye da ɗaya). Masu cewa "ga su can sun zama Turawa" za su yi ta faɗa kwana biyu su gaji.

Akwai irin waɗannan gidaje a kusa da Zariya?

Duwatsun akwai, gidajen hayar ne ba su da yawa. Ƙasar Zazzau shimfiɗaɗɗiya ce, kimanin mita 650 sama da teku, da duwatsu tsaitsaye jefi-jefi: Kufena a yamma da birni ta wajen Wusasa, dutsen Hanwa, duwatsun Dumbi ta hanyar Kaduna, Dutsen Wai ta hanyar Jos, sai Turunku a ƙaramar hukumar Igabi, tsohon mazaunin sarakunan Zazzau da ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina a ƙarni na 16. Kwarin da muke da shi na fadamu ne, bakin kogunan Galma da Kubanni, inda masu noman rani ke shuka tumatir da albasa da rake.

Saboda haka abin da mutane suka fi yi shi ne aron gidan gona. Malaman jami'a da 'yan kasuwa da yawa suna da gona a bayan gari da ɗan ɗaki a ciki, kuma a hannun ɗan'uwa ko amini ba ya wuyar samu. Wasu kuma su yi nisa zuwa wuraren da aka gina don baƙi (duba amsa ta gaba). Akwai kuma hanyar da na fi ba sababbin shiga shawara a kai: ku kama masauki mai shiru a cikin gari, ku fita duwatsu da safe, ku dawo kafin magariba. Kun sami shirun, kun kuma kwana da kwanciyar hankali.

In mun yanke shawarar yin nisa, ina ya kamata mu nufa?

Jos ce ta fara zuwa bakin kowa, kuma da dalili. Hanya ce ɗaya daga Zariya ta Soba, Pambeguwa da Saminaka, sama da kilomita 200. Garin na kan tudu mai kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa sun kai mita 1,829, ga Riyom da dutsenta mai ɗaurin ban mamaki, ga magangarar ruwan Assop ta wajen Hawan Kibo. Masaukai masu ɗakuna a ware, kowane da farfajiyarsa, sun fi samuwa a can. Sai dai Filato ta sha rikice-rikice, kuma ba kowace unguwa ko ƙauye baƙo ke shiga kai tsaye ba. Ku sami ɗan gari ya zaɓa muku.

A kudancin jihar Kaduna akwai duwatsun Kagoro da magangarar Matsirga kusa da Kafanchan, ƙasa mai ruwa da itatuwa fiye da tamu. Ginin Kajuru, wanda wani Bajamushe ya yi a kan dutse a shekarun 1980, kimanin kilomita 45 daga Kaduna, ya yi suna wajen masu ɗaukar hoto, amma an kai hari can a 2019, don haka amsar tsaro ta shafe shi kai tsaye. Ta hannun Kano akwai dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, ga wanda ya fi son bakin ruwa. Yankari a jihar Bauchi ba ƙasar tuddai ba ce, amma tana da ɗakuna a ware, ga ruwan ɗumin Wikki da ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Wanda ke son kwari da tsauni na gaske, wato ciyawa shar, hazo na rufe hanya da safe, shanu a kan tudu, to Mambilla ce a jihar Taraba, wajen Gembu, kimanin mita 1,600 sama da teku, inda gonar shayi take a Kakara. Amma ku ware mata kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Ba wurin ƙarshen mako ba ne.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Kaka. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, rafuka na gudu a hankali, hanyoyin ƙauye sun fara tsanewa. Da sassafe za ku fito ku tarar da raɓa a kan ciyawa, dawa ta sunkuyar da kai, mata na tsinkar wake, hayaƙin murhu na tashi daga rugar Fulani a gindin dutse. Gyaɗa sabuwa, dankali, rake, komai na araha.

Damina ta fi kyan gani, ta kuma fi wahala. Zariya na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma Agusta ce tsakiyarsa. A lokacin dutse na da santsi, sauro ya yi yawa, taɓo na riƙe mota, kwari kuma nan ne duk ruwan duwatsu ke taruwa (duba amsa ta ƙarshe). Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba sauro sosai, amma ƙura kan rufe duwatsun da kuka je gani, sanyin Jos ko Mambilla da asuba kuma ba irin na Samaru ba ne, ku riƙi bargo da rigar sanyi da man shafawa. Mai asma ya yi shawara da likitansa tukuna. Bazara, Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 35 a nan, dutse kuma na riƙe zafin har dare. In dole sai lokacin, ku hau tudu.

Maganar tsaro fa? Ita ce ta fi damunmu.

Ita ya kamata ta fi damunku, kuma ita ke da kalmar ƙarshe a kan duk abin da aka faɗa a sama. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yankunan Birnin Gwari, Giwa, Kajuru da wasu sassan Igabi sun sha fama da masu garkuwa da mutane, dajin Falgore ma ya yi nasa zamanin, kuma ko bakin garin Zariya an taɓa shiga unguwanni da dare. Lamarin kan lafa ya kuma tashi. Wurin da ke lafiya bara ba lallai ya zama lafiya bana ba, haka ma akasin haka. Labarin da ke da amfani shi ne na wannan makon, daga bakin wanda ke kwana a wurin: direban da ke bin hanyar kullum, malamin makarantar ƙauyen, mai unguwa, 'yan banga. Kada ku tsaya a kan maganar mai gidan haya kaɗai, shi kasuwarsa yake yi.

Gidan da ya dace shi ne wanda ke da shiru amma ba a yashe yake ba. In kun ɗaga murya, akwai wanda zai ji? Akwai ƙauye ko caji ofis ko shingen jami'an tsaro a kusa? Hanyar shiga ɗaya ce ko biyu? Gidan da ke can ƙuryar kwari shi kaɗai ya fi kyau a hoto, amma ni ba zan tura kowa can ba.

Sauran ƙa'idojin sanannu ne, sai dai ana sakaci da su. A tashi da sassafe, a isa kafin la'asar, ba tafiyar dare ko da an makara, gara a kwana a garin da magariba ta riske ku. Mutum biyu a gida su san ainihin inda kuke da ranar dawowa. Kada a sa hoto a Facebook ko a WhatsApp sai an dawo. Hajiya ta bar gwalagwalai a gida, Alhaji ya bar babbar mota in akwai ƙarama. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122, amma ku riƙi lambar mutum na kusa ma. In zuciyar ɗayanku ba ta kwanta da wurin ba, a fasa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kwana nawa ya isa?

Biyu zuwa uku. Kwana ɗaya gajiyar hanya ce kawai. Daga na huɗu kuma hankalin uwa ya koma kan yara, na uba ya koma shago ko ofis, sai a zauna jiki a nan zuciya a gida. Wannan adadin yana kuma sauƙaƙa maganar kasaru da ta rabon kwana, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Nawa za mu tanada?

Duk farashin da aka rubuta yau kafin wata uku ya tsufa, don haka ga yadda ake lissafin. Kuɗin gida sau yawan kwanaki, kuɗin mai ko na mota zuwa da dawowa, abinci, man janareta in ku za ku saya, ɗan abin da za a ba mai gadi da wanda ya raka ku dutse. Sannan abubuwa biyu da ake mantawa, su ne kuma ke fasa lissafi: cefanen da za a bar wa gidan da yara za su zauna, da tsaraba. Ba wanda zai dawo daga Jos hannu rabbana, dankalin Turawa da kabeji da karas sai sun cika bayan mota. A kan jimillar ku ƙara kashi ɗaya cikin huɗu don abin da ba a zata ba, taya ko magani ko ƙarin kwana.

Ku riƙi tsabar kuɗi daidai gwargwado, don mai POS a ƙauye in babu sabis shi ma zaman kallo yake. Kuma kada a ci bashi don hutu. A yi asusu ko a jira kwasar adashi. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Ta yaya zan tabbatar gidan yadda aka nuna shi a hoto yake?

Gani ya kori ji. In da hali, maigida ko wani amintacce ya je da rana ya duba kafin a biya ko sisi. In ya yi nisa, a kira mai kula da gidan ta bidiyo, kiran kansa gwajin sabis ne. Ka ce masa, "Malam, don Allah fara daga bakin titi ka tako zuwa ƙofa." Ka ga hanyar da motarka za ta bi. Ya buɗe famfo ka ga ruwa na zuba, ya ɗaga katifa, ya nuna maka sakatar ƙofa daga ciki, ragar taga ko ta yage, rufin ɗaki ko akwai tabon yoyo, banɗaki a ciki yake ko sai an fita waje da dare. Ya juya wayar ka ga abin da ke bayan gidan, don sau da yawa hoto na nuna dutsen gaba ya ɓoye kejin kaji dubu ko injin niƙa a baya.

Ka tambayi katanga, domin matar da ke son ta sha iska ba lulluɓi tana buƙatar tsakar gida a rufe. Ka tambayi su wa ke da makulli. Wajen biya, a ba da kafin alƙalami kaɗan, sauran sai an isa an gani, a kuma yi magana a rubuce kan abin da zai faru in an fasa. Wanda ya matsa sai an tura masa kuɗi duka yau-yau don "wasu na jira", a bar wa wasun.

Za a nemi shaidar aure?

Yana yiwuwa, musamman a jihohin da Hisba ke aiki kamar Kano da Bauchi, kuma wasu masu masauki kan tambaya don kare kansu. Kada ku ɗauke shi cin fuska. Ku riƙi katin shaidar ɗan ƙasa kowannenku, da kwafin takardar aure ta kotu ko masallaci ko coci. Waɗanda aka ɗaura musu aure ba takarda, kamar yawancin iyayenmu, za su iya neman ta a kotun yankinsu ko wajen limamin da ya ɗaura.

Ni uwa ce, yara huɗu. Wa zan bar wa su?

'Yar'uwa, wannan ita ce tambayar da ke rusa rabin tafiye-tafiyen nan. Amsar ita ce kakarsu, ko gwaggonsu, ko innarsu, wadda suka riga suka saba da ita, kuma gara ita ta zo gidanku da a kwashe su, musamman lokacin makaranta. A bar mata abinci wadatacce, kuɗin ko-ta-kwana, lambar mai kai su makaranta, da bayanin maganin duk wanda ke shan magani. Kada a bar wa babbar 'ya mai shekara 13 gida da ƙanne da risho a ce ai ta girma.

Na goye yana tafiya da uwarsa, ba gardama. Amma da jariri a hannu sai a zaɓi wuri kusa da asibiti, a bar Mambilla sai an yaye shi. Kira sau biyu a rana ya isa, safe da dare. In kika kira sau goma, kin tayar musu da hankali, ke ma ba ki huta ba.

Me za mu ce wa iyaye da surukai?

Gaskiya, a taƙaice, kuma kowa ya fara da nasa. Maigida ya je ya durƙusa ya ce, "Inna, ina so in ɗan kai ta Jos ta huta kwana biyu, a sa mana albarka." Za ta ce, "Lafiya dai? Wani abu ne ya same ta?" Sai ka ce lafiya lau, gajiya ce kawai. Abin da ke ran uwa tsoron hanya ne, don haka ka gaya mata lokacin tashi, inda za ku sauka, da wanda ka sani a can. Kada a ƙirƙiro ta'aziyya ko ganin likita. Ƙarya irin wannan ba ta kwana uku a Zariya.

Ina da mata biyu. Yaya zan yi ban tayar da ƙura ba?

Malam, adalci ne kawai mafita, kuma a bayyane. Ya tabbata daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita zai tafi. Malamai sun yi bayani mai faɗi kan ko ana rama kwanakin tafiya, ka tambayi malaminka kan halin da kake ciki. Amma a aikace, tafiyar shaƙatawa ba kamar ta fatauci ba ce, kyauta ce, kuma kyautar da aka yi wa ɗaya ɗayar na lissafe da ita.

Abin da ya fi zaunar da gida lafiya shi ne a tara su a faɗa tun kafin a fara shiri: tafiya biyu ce, kwanaki daidai, wuri mai daraja ɗaya, ga watan wannan ga watan waccan. Yawanci uwargida ake fara ba girmanta. In kuɗinka na tafiya ɗaya ne, ka jira su kai na biyu. Ɗaukar su tare kuwa ziyara ce ta iyali, tana da daɗinta, amma ba ita ake magana a nan ba.

Abinci fa? Kada in je hutu in ƙare a bakin murhu.

Kin yi gaskiya, kuma maza su ji da kyau. In ita za ta yi tuwo da miya sau uku a rana a kicin ɗin da ba ta sani ba, to kicin kawai aka canza mata. A yi guzuri daga gida: dambun nama, kilishi, soyayyiyar miya a kula, cincin, garin kunu, kayan shayi, burodi, ƙwai. A can kuma a sayi na wurin, fura da nono daga ruga, gasasshiyar masara ko ƙwan zabi in damina ce, zuma, gwaten acca in kuna Filato. Nonon da ba a dafa ba a tafasa shi. Maigida ya karɓi shayin safe da wanke kwanuka, ba abin da zai ragu a jikinsa. Sai dai kada ku yi kaya kamar za a kai amarya, tukunya ɗaya da ɗan risho ko ƙaramin gas sun isa.

Za mu yi kasaru?

Ya danganta da nisa da kuma niyyar zama. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, nisan kasaru burudi 4 ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri, ko salloli 20, zai cika sallarsa. Don haka mai zuwa Jos ko Yankari na kwana biyu ko uku zai yi kasaru, mai zuwa gindin Kufena ko gidan gona a bayan Shika ba zai yi ba. Kaduna na kan gaɓa, kusan kilomita 80 ce, a tambayi malami.

Alƙibla daga wannan yanki gabas ce da ɗan karkata arewa. Ku duba ta da rana tun kuna isa, kada ku jira sai isha'i wayar ta mutu. In Juma'a za ta riske ku, ku tambayi masallaci mafi kusa da lokacin da suke tayarwa, don ƙauyuka kan riga gari. Ma'aurata Kirista su ma su tambayi cocin kusa tun ranar Asabar.

Wuta, ruwa da sabis?

Ku ɗauka babu wutar NEPA, in ta zo riba ce. Gida mai sola ya fi mai janareta, ko don shirun da kuka je nema. Ku tafi da tocila biyu da abin cajin waya cikakke. Ruwan sha ku saya ku tafi da shi, na rijiya a tafasa. Layukan waya biyu na kamfani daban-daban sun fi ɗaya, domin a kwari dutse kan tare sabis, wani lokaci sai an hau tudu ake samu. Ku gano wannan tudun tun ranar farko.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada a kunna janareta a cikin ɗaki, ko a baranda kusa da taga, kuma kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Dukansu suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum na barci take kashe shi. Kusan kowane hunturu sai an ji labarin iyalin da aka wayi gari babu su ta wannan hanya.

Sauro, maciji da sauransu?

Gidan sauro mai magani ku tafi da naku da igiyarsa. Zazzaɓin cizon sauro kan bayyana mako ɗaya zuwa biyu bayan cizon, don haka in jiki ya yi zafi bayan an dawo a je a yi gwaji. Maciji ya fi fitowa da damina da lokacin girbi, kububuwa da kasa na son gindin duwatsu da tarin kara. A sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu a kogo, kada a fita da dare ba tocila, a kuma kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A hana ƙafar motsi a garzaya babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji.

Ruwan dam da kududdufi da rafi mai kwanciya na ɗauke da tsargiya, a bar wanka a ciki komai kyansa. Mai juna biyu ta nemi izinin likita, ta guji hanya mai gargada, kuma hawan dutse ba nata ba ne.

To me za mu yi duk yini? Ina tsoron mu zauna muna kallon juna.

Zai faru, a yinin farko. Mutanen da suka saba magana ta bakin yara sukan rasa ta cewa in aka bar su su biyu, sai kowa ya jawo waya. Ku yi yarjejeniya tun a mota: waya na aljihun jaka sai lokacin kiran gida. Ku fita da sanyin safiya ku taka, ku hau dutse iya inda numfashin mai rauni a cikinku ya tsaya, da ɗan gari a gaba. Ku yi barcin rana, wanda wataƙila rabonku da shi tun kafin haihuwar fari. Ludo, dara, karatun Alƙur'ani tare, tsofaffin hotunan biki.

Shawarata ɗaya: kada a mai da wurin kotu. Akwai masu tara laifin shekara su ce sai mun je can za mu warware. In akwai magana mai nauyi, a bar ta sai yini na biyu, a ɗauki guda ɗaya tak. Matsalar da ta kai ta shiga tsakani kuma, dutse ba ya sulhu, manya ake nema.

Yaya za mu zauna da mutanen ƙauyen?

Kamar baƙin kirki. Maigida ya je ya gai da mai unguwa ko dagaci ranar da kuka isa, da ɗan goro a hannu, mai kula da gidan ya raka shi. Wannan ladabi ne, tsaro ne kuma, don baƙon da aka san da zuwansa ana sa masa ido. A gai da manoma da "sannunku da aiki", kada a ratsa gona, kada a tsinki ko mangwaro ɗaya ba izini. Kada a ɗauki hoton mata ko yara ko shanu sai an tambaya. Wasu duwatsu da kogunan dutse, musamman a kudancin Kaduna da Filato, suna da alfarma wajen masu wurin, in aka ce ba a hawa nan, ba a hawa. Riƙe hannu da wasan miji da mata a bar shi sai cikin gida.

Da motarmu za mu je ko ta haya?

Taku ta fi, in lafiyarta ƙalau: a kai ta wajen bakanike kwana biyu kafin tafiya, a duba taya da safaya da jak da birki, a cika tanki a gari. In ta haya ce, ku je tasha a Kwangila da sassafe ku shiga motar farko, ba ta bakin hanya ba, ku kuma shirya da wanda zai ɗauke ku daga inda za ta sauke ku. Ɗan acaɓan da ya kai ku, ku karɓi lambarsa, shi zai fito da ku.

In ruwan sama ya tsare mu a can fa?

Ga masu zuwa da damina wannan ba "in" ba ne, ku sa shi a lissafi. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu duk kwari yake gangarowa, kuma rafin da kuka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu kan cika ya tumbatsa cikin awa ɗaya, ko da a inda kuke ba a yi ko yayyafi ba. Kada a shiga da mota, kada a shiga da ƙafa, ko da ɗan acaɓa ya ce ya saba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa na iya kayar da babban mutum, ƙaramar mota kuma ɗaga ta yake yi. Irin wannan ruwan yakan janye cikin 'yan awoyi, mutanen wurin sun san alamarsa a jikin dutse ko gindin itace, su za ku tambaya.

Tun wajen zaɓen gida ku duba yana kan tudu ne ko a gindin kwari, ku kuma tambaya ko akwai rafi marar gada tsakaninsa da titi. Ku riƙi abinci da maganin kwana ɗaya fiye da lissafinku, ku gaya wa mai riƙon yara cewa dawowar na iya kaiwa washegari. Ma'aikaci kuma kada ya sa ranar dawowa ta zama Lahadi da yamma alhali Litinin ƙarfe takwas ana jiransa a ofis, ya dawo Asabar.